Ranar da Inna Ta Shiga Mai Fulogi Shida

Ƙanena ya sayi gawar wata ƙaramar mota ya kai ta gareji a Bodinga, wai zai mayar da ita motar wasa, irin wadda samari ke jujjuyawa a wurin biki. Bakaniken ya ajiye masa inji biyu a ƙasa, mai fulogi huɗu da mai shida. A gabana ya ce masa ƙaramin ne daidai da ita, babban kuwa sai an sake mata birki. Yaron nan da kunnen ƙashi! Ya ce shida yake so, birki a bari sai daga baya.

A gidanmu ba a fara hawan sabon abu sai Inna ta sa albarka, ko keke ne sai ta dafa sirdinsa. Ranar da aka gama aikin, da hantsi, ƙanena ya zo ya durƙusa ya ce zai kai ta Shagari ta gaida ƙanwarta. Na ce, "Inna, ki dafa ta kawai, ya isa."

Ta ce, "Ke, ɗana ya yi mota, in tsaya waje ina shafa ta?"

Ta shiga gaba. Ni na shiga baya, don wallahi ba zan iya zaman gida ba.

Muna hawa kwalta ya ɗan taɓa totur, motar ta zabura, ƙeyata ta bugi kujera. Na ce, "Kai, don girman Allah sassauta!"

Ya yi dariya. "Yaya, ko giya ta uku ban sa ba."

Mun kusa Shagari sai ga shanu suna tsallaka titi. Ya taka birki. Na ji ƙarar ƙafarsa ta kai ƙasa, mota kuwa ko a jikinta, sai ƙauri da ya cika mana hanci. Ya sake takawa. Ina ganin ƙahoni suna matsowa, ina ganin ɗankwalin Inna. Ya karya kan motar muka faɗa gonar gero, kunyoyi suka yi ta jijjiga mu har injin ya mutu.

Da ƙura ta lafa na leƙa gaba. Leɓen Inna ya fashe, jini na ɗiga a mayafinta. Ashe duk wannan abu ba ƙofa ta riƙe ba, rigarsa ta damƙe, kuma har lokacin ba ta saki ba.

Ya fashe da kuka. "Inna, ki yafe mini, na kusa kashe ki."

Ta ce, "Ni yau kaɗai na shiga cikinta, ɗana. Kai ne kullum."