Gurbin Da Suka Bar Masa A Waƙa Ta Huɗu

Shekarun baya, lokacin ina lodin kayan mota a Ras Al Khor, ɗakinmu ɗaya da wani abokina ɗan Nijar. Kafin neman abinci ya kawo shi Dubai, shi ke kaɗa jita a wata ƙungiyar samari a Yamai. Kiɗansu rok ne: jitar lantarki mai kashe kunne, waƙoƙi gajeru, da amshi mai zaƙi da ke manne wa mutum a ka. Ni da ban san kiɗan da ya wuce kalangun bikin unguwarmu ba, nakan ce masa, "Wannan ai janareto ne ya koyi waƙa."

Abokan nasa sun daɗe suna jiran ya koma su shiga situdiyo su naɗi kundinsu na farko. Duk sanda suka kira, amsarsa ɗaya ce: "Wallahi mon frère, bayan wannan kwantena." Wanda ya yi aikin kago, wato lodin kaya zuwa gida, ya san wannan magana. Kafin a rufe kwantena ɗaya, alhazan Kano sun cika rabin wata.

Wata la'asar cunkoso ya riƙe mu a hanyar Port Saeed, shi ke tuƙi, gumi ya jiƙa mu sharkaf, sai saƙo ya shigo wayarsa. Sun gaji da jira, sun yi kundin ba shi. Ya haɗa wayar da rediyon motar. Jita ta cika motar, har ni mai tsiyar na ji ƙafata tana motsi.

A tsakiyar waƙa ta huɗu sai jitar ta yi tsit. Ganga kawai ke tafiya, ta daɗe tana tafiya ita kaɗai.

Na ce, "Ka gani? Nepa ta ɗauke musu wuta."

Ya ce, "Ba wuta ba ce. Nan ne nake shiga."

Ya ɗora yatsunsa a kan sitiyari, yatsun da ƙarfe da baƙin mai suka mayar kamar itace, yana neman bin gangar. Suka ƙi. Na baya ya danna mana hon. Ya ce, "Yalla, mu je," ya sa giya.

Ban ƙara tsokanarsa ba. Bai koma ba kuma. Yau yana da ɗan shagonsa a Al Khabaisi, jitar na saman durowa, ko ƙurarta ba ya kakkaɓewa.

Har yanzu idan na tuna, wata irin gajiya ce ke saukar mini, wadda barci ba ya maganinta. Mutanen gida suna bar mana gurbi, mu kuma muna nan muna lodi.

Jiya mahaifiyata ta kira, ta ce ta sa an gyara ɗakina, yaushe zan zo? Na buɗe baki zan amsa, sai na ji abin da zan faɗa: "Bayan wannan kwantena." Na yi shiru, ita ma ta yi shiru, tana jira in shiga.