Ɗinkin da Nake Warwarewa

Mahaifina tela ne a Wunti, ya fi shekara arba'in a kan keken ɗinki. Abin da na fi tunawa a aikinsa shi ne yadda yake dakatawa. Zai ɗora almakashi a kan shadda, har ya buɗe bakin almakashin, sai hannun ya tsaya cak. Ya ja tsaki, ya sake awo, sai a tarar lallai zanen alli ya karkace. Na taɓa tambayarsa yadda yake ganewa. Ya ce shi ma bai sani ba, wani abu ne ke riƙe masa hannu tun kafin ido ya gani.

Bayan rasuwar Innarmu, ƙannena duk sun yi aure, sai mu biyu muka rage a gidan, ni ina koyarwa a wata firamare. A shekarar ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita, cikin wata huɗu ya miƙe, hannu da magana suka dawo. Muka ɗauko kekensa daga shago muka sa a zaure, ya ci gaba da karɓar ɗinkin mutanen da suka saba da shi.

Kaftanin farko da ya gama, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aljihu kuma a baibai. Ya miƙo mini in goge, fuskarsa a sake.

Da muka koma asibiti na keɓe da likita na faɗa masa. Ya ce a ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke bin diddigin duk abin da mutum yake yi, yana gwada shi da abin da aka nufa, ya ankarar da shi in an kauce. Mai yiwuwa wurin ne ciwon ya taɓa. Ko zai dawo, bai ce ba.

Ban gaya wa kowa ba. Ƙannena kan kira daga Gwallameji suna murna Baba ya warke, in ce alhamdulillahi. Kullum in ya fita sallar La'asar ya zauna hira a bakin masallaci, sai in ɗauki reza in warware abin da ya ɗinka, in mayar daidai da ɗan abin da na koya a wurinsa. Ina yi ina kasa kunne ga ƙarar takalminsa.

Wata rana hadari ya koro shi da wuri, ya same ni da riga a cinya, zare zube a ƙasa. Ya karɓa, ya haɗa kafaɗun biyu, ya daɗe yana dubawa.

"Uwata, tun yaushe?"

"Tun bayan babbar Sallah, Baba."

Ya zauna a kan benci. Ya ce yanzu da ya duba ya ga kuskuren ƙarara, amma lokacin da yake yi bai ji komai ba.

"A da jikina ke gaya mini. Yanzu shiru."

Washegari ya mayar wa mutane yadinsu, ya ce musu ido ne ya yi rauni. Ya ƙara shekara biyu a duniya. In na dawo daga makaranta nakan tarar da shi zaune a zaure yana kallon masu Keke Napep suna wucewa. In gaishe shi ya amsa, in shige ciki in ɗora tukunya.