Ranar da Alhaji Ya Je Ganin Sana'ar Ɗana

Ɗana na fari ɗan wasan besbol ne, ƙwallon nan da ake duka da gora. Yana ƙarami muka zo Greensboro ta Amurka daga Maradi. A lakwal, wato makaranta, ya koya, har a farkon shekarun dubu biyu wata ƙungiya ta ɗauke shi da albashi. Aikinsa tsaron bayan fili: ya tsaya can nesa, in an dako ƙwallo sama ya bi ta da gudu ya cafe kafin ta taɓa ƙasa.

Sai ya ga 'yar wani Alhaji, maƙwabcinmu a unguwar Glenwood, yana so, ita ma tana so. Alhaji ya ce ba ya ba da 'ya sai ya ga sana'ar mutum da idonsa. Haka aka saba, ban ƙi ba. Muka je filin ranar Lahadi, shi da babbar riga.

"Malam, ina yaron?" in ji shi.

Na nuna masa.

"Wancan na jikin katanga? Laifi ya yi?"

"Wurinsa ke nan, Alhaji."

"Mu a gida yara ake sa wa wannan. Korar tsuntsu a gonar gero."

Har wasa ya yi nisa ba abin da ya je wajen yaron. Can aka dako wata, ya ruga, ya daka tsalle ya cafe ta a bakin katanga, ya jefo ta ciki. Fili ya ɗauki tafi. Alhaji ya gyara hula, ya ce, "Sau ɗaya ya samu, kuma ya mayar musu."

Washegari ya kafa sharaɗi: yaro ya bar wasa ya kama tuƙin babbar mota, ko ya bar yarinya. Mutumin da bai san ma yadda ake cin wasan ba, shi ya yanke wa gumin shekaru hukunci a zama ɗaya. Dattawan masallaci suka ce ya yi daidai, alhali ba wanda ya taɓa taka filin a cikinsu. Ni aka ba saƙon, na kai.

Yaro ya ajiye safar hannunsa ta cafe ƙwallo ana tsakiyar kakar wasa. Aka ɗaura aure. Wanda ya gaje shi a wurin, kafin shekara ta zagayo babbar ƙungiya ta ɗauke shi, muna ganinsa a talabijin.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, in Alhaji ya yi baƙi daga gida sai ya ɗauko hoton ɗana cikin kayan wasa, yana cewa, "Surukina ne, ƙwararren ɗan wasa ne a nan Amurka." Ɗana kuwa yana can kan hanya da lodi.