Ranar da Muka Kai Kaka Kallon Jirgin Ƙasa

Jiya matata ta zuba turaren wuta a kasko, sai na ji raina ya ɓaci a kan abin da ya wuce tun ina yaro. Bari in rubuta maka shi, tunda yanzu hannuna ya fara sabawa da alƙalami.

A gidanmu na unguwar Fezzan a Maiduguri, bayan la'asar kakata takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta sa turare a garwashi, ta zauna. Ba saƙa, ba hira. Hayaƙi ya tashi ya baje, ita tana nan. Na taɓa tambayarta me take jira. Ta ce, "Ba komai. Zama nake yi."

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Maiduguri, baffana, wanda ya yi yawon Kano da Ikko, ya tsaya a kanta. Ya ce, "Iya, haka za ki mutu ba ki ga komai ba?"

Ta ce, "Ka bar mini la'asar ɗina."

Bai bari ba. Aka ɗora tsohuwa a amalanke kamar buhun gero. Ni da hannuna na watsa wa garwashinta ruwa, don kada mu makara. Wai gata muke mata!

A tasha ga zafin bazara, ga turmutsutsu. Wani ƙato ya taka mata ƙafa. Da muka dawo, baffa ya ce, "To, kin gani?"

Ta ce, "Na gani. Ya zo, ya tafi. Wadda ta gan shi tana nan."

Muka yi mata dariya, muka ce tsufa ne. Ƙafar nan ba ta warke ba. Sauran kwanakinta a ɗaki ta yi su, ba ta ƙara zama gindin darbejiya ba. Amma ko a can fuskarta ba ta canja ba, mu ne kullum a birkice.

Na tuƙa babbar mota shekara da shekaru. Ba garin da daɗinsa ya wuce mini kwana uku. Yau ciyawa ta rufe hanyar jirgin.

Jiyan nan, turaren na ci, ɗana ya shigo da gudu, wai in taso an fara ƙwallo a gidan kallo. Na ce ya bar mini la'asar ɗina. Na zauna har garwashin ya mutu da kansa.