Takabar Rumasa'u a Mansur

Duk wanda ya taɓa cin masa a unguwar Mansur ta Makka ya san Rumasa'u, in bai san sunanta ba to ya san muryarta. Tana goye iyayenta suka shigo da ita Makka ta Sudan, a bakin tanda ta girma, a nan kuma Awwalu direban bas ya gan ta ya ce ya ga matar aure. Mace ce mai son jama'a kamar me. Ko suna ake ko makoki, ita ce mai jera kujeru, ita ce mai faɗa da masu zuba gahawa.

Da korona ta ɓulla, a talabijin ta fara ganinta, can Italiya, mutane sun leƙo ta taga kamar kaji a akurki. Ta ce Allah ya kyauta, ta koma kan ƙullunta. Ba a jima ba aka kulle Makka ita ma.

Cikin kullen Awwalu ya fara tari, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Bayan 'yan kwanaki aka kira 'yarsu Hanan a waya aka ce ya cika. Aka binne shi ba su gani ba. Ba kujera ko ɗaya a ƙofar gida, ba wanda ya shigo ya dafa kafaɗarta, sai gaisuwa ta waya, ita kuwa a wajenta wannan ba ta'aziyya ba ce.

Daga nan kanta ya ɗaure. An ce mai takaba ba ta fita, to wa ke fita? An ce ta bar kwalli da turare, to wa ke kwalliya a unguwar? Da safe ta ce Allah ya jiƙan Awwalu, da rana ta ce a rage masa tuwo. Barci ya ƙaurace mata. Hawaye kuwa ko ɗigo, abin da ya fi tayar wa Hanan hankali ke nan, don tana tsoron uwar za ta zautu a hannunta.

"Ke Hanan, takaba nake ko kulle?"

"Ya ummi, duka biyu."

"To wanne ne na babanki?"



Ranar da aka ɗage kulle, tun da safe titi ya cika da hayaniya. Basma maƙwabciyarsu ta ƙwala kira daga ƙasa: "Rumasa'u, halas, kulle ya ƙare, an buɗe! A fito da tanda!"

Nan take Rumasa'u ta zari abaya ta nufi ƙofa, har da 'yar dariyarta. Hanan ta riƙo hannunta.

"Ummi, kowa zai fita. Ke ce dai da saura."

Rumasa'u ta tsaya. Ta leƙa titi: ga mata suna wucewa, ga masu shago suna ɗaga ƙofofi, ga direbobi abokan Awwalu sun nufi wajen motocinsu. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har suka sha kwana. Sannan ta zame ta zauna a bakin ƙofa da abayar a cinya.

"Ashe da gaske ne," ta ce, kuka ya ƙwace mata.