Kwana Bakwai da Ƙaramar Wuta

Duk wanda ya san Torlaug Brenne ya san ba a ja da ita a kan awaki, ba a kuma ja da ita a kan gidanta. Shekara arba'in ta yi tana hawa dutse da garkenta duk bazara, tana dafa madara har ta zama cukun nan mai ruwan ƙasa, sai ciyawa ta ƙare ta sauko. Da gwiwa ta gaza ta sayar da awakin, mijinta ya rasu, ya rage daga ita sai ɗakin gungumen itace da kakanta ya gina a ƙarshen kwarinsu, can tsakiyar Norway.

Ɗakin kuwa murhunsa irin na da ne, buɗaɗɗe a kusurwa, bakinsa sai mutum ya shiga ya tsuguna. Ga kyau, ga ci. Ka zuba masa itace runguma guda, ya gasa maka fuska bayanka na karkarwa, sauran zafin ya bi bututu ya tafi ɗumama hankaki. A sanyin bara har ruwan bokiti ya daskare a gefen gadonta. Da 'yarta Sunniva ta ji, sai ta nemo mata ɗaki a gidan tsofaffi na cikin gari, ta ce ko dai gidan ya yi ɗumi kafin ƙanƙara ta zauna, ko ta zo da mota ta ɗauke ta.

"Inda ake kaɗa ƙararrawa a ci abinci?" in ji Torlaug. "Ni akuya ce?"

Ta sa aka jawo mata tsohon murhun ƙarfe da ke kwance a rumbun marigayi wanta, ta kira Halvard magini, wanda suka yi makaranta tare. Ya zaunar da shi a bakin tsohon murhun, ya zura bututun ƙarfe cikin na dutse, ya liƙe ko'ina da ɗanyen yumɓu.

"Ke sarkin taurin kai, buɗe kunnenki," ya ce yana wanke hannu. "Kwana bakwai, ƙirare kawai, wuta kamar ta dafa ƙwai. Kika cika shi kafin yumɓun ya bushe, ya tsage, hayaƙi ya koro ki waje. Ni kuma ba na kwaɓa yumɓu lokacin ƙanƙara."

"Kai tsoho, ina hura wuta kana tsotsar yatsa."

"Wata biyu kika ba ni, kar ki cika baki."

Ranar ta uku sanyi ya sauko ba sallama, ya yi sammakon mako biyu. Da rana tsaka sai ga motar Sunniva. Ta shigo ta tarar da uwar zaune da rigar sanyi biyu da hula, tana jefa ƙirare ɗaya-ɗaya, numfashinta na fita fari.

"Mama, wannan ne ɗumin?"

Torlaug ta dubi busasshen itacen da ke jibge a bango. Guda shida ya isa. Kafin kofi ya tafasa ɗakin zai ɗauki zafi, 'yar ta koma da bakinta a rufe. Har ta miƙa hannu. Sai ta tuna tsagewar ba yau za ta nuna ba, sai tsakiyar sanyi, lokacin da babu magini babu yumɓu. Ta janye hannun ta cusa a hammata.

"Saura kwana huɗu," ta ce.

"Yatsunki sun yi shuɗi fa! Tashi mu tafi."

"Yatsuna ne. In kina son gani da idonki, ga benci ga bargo. In ba ki so, hanya ba ta rufe ba tukuna."

Sunniva ai halin uwarta ta ɗauko. Ta ajiye jaka. Kwana huɗu suka yi suna shan kofi da safar hannu, suna faɗa a kan komai, har a kan yadda ake jera itace, ko ɓawo sama ko ɓawo ƙasa. Kowace na jiran ɗayar ta ce ta gaji.

Ranar ta bakwai Halvard ya zo, ya shafa yumɓun, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

"To, ba shi abincinsa."

Torlaug ta jera manyan itace a ƙasa, ƙanana a sama, ta kunna daga sama, ta rufe ƙofar. Ƙarfen ya fara ƙas-ƙas. Ƙanƙarar da ke jikin taga ta ciki ta narke tana bin katako. Sunniva ta cire hula, can ta cire riga ɗaya, can ta ja bencinta baya. Daga ƙarshe ta ɗauki waya ta kira gidan tsofaffi, ta ce su ba wani mutum ɗakin.

"Na bana kawai, Mama," ta ce da ta ajiye.

"Baɗi ma ki zo da bargonki," in ji Torlaug. "Halvard, matsa ka ba ni wuri, ka tare min wuta."