Baba Sahabi Direba da Ƙwayar da Aka Raba Shi da Ita

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu da safen nan aka kira ni daga Kebbe: Baba Sahabi direba ya rasu.

Shekara huɗu yana ɗauko ni daga Tambuwal zuwa ɗan asibitin da nake aiki, kullum kujerar gaba tawa ce. Ranar da matata ta fara naƙuda, fasinjojinsa ya sauke ya kai mu asibiti.

Bara gwaji ya nuna kolestarol, wato maiƙon jini, ya yi masa yawa. Likita ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum. A mota na yi masa bayani: ƙwayar tana rage maiƙon da hanta ke haɗawa, hanta kuwa in ta ji ƙaranci sai ta riƙa janyo wanda ke yawo cikin jini ta sarrafa shi, jijiyoyi su huta.

Ya yi dariya ya ce, "Ashe hanta ma lodi taka yi bisa hanya!"

Gwaji na biyu ya yi kyau ƙwarai.

Sai ga wani tantirin mai tallar magani da lasifika a kasuwar Dogon Daji. Mutumin da ko a hoto ba zai nuna maka hanta ba, shi ya ce wa Baba wai ƙwayar asibiti tana tara kitse a hanta har ta ruɓe. Ya miƙa masa baƙin ruwa cikin gorar lemo.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tasha, na tambaye shi ko yana shan ƙwayar. Ya kau da kai.

"Ɗana, kai da bakinka ka ce hanta na janye maiƙon. Ina taka kai shi?"

Na sake bayani. Na roƙe shi. Ya dafa kafaɗata ya ce mota ta cika.

Shekaranjiya ɓarin jikinsa ya shanye yana alwala.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma kai mai lasifika, kai ba mai magani ba ne, maƙaryaci ne mai cin guminsa da tsoron tsofaffi. Ranar kasuwa za ka sake kafa tebur ba ko kunya. Tir da sana'arka.

Allah Ya jiƙan Baba Sahabi, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi cikin addu'a.